Almakashin Tela

Ni tela ne.
Shekara ashirin da shida ina yanka shadda a Dogon Dutse,
hannuna bai taɓa rawa ba
sai ranar da Baba Davou ya miƙo mini nasa almakashin
ya ce, "Yanke nan."

Gindin wardi bakwai ne a bayan gidan da na kama haya.
Na same su kamar tsohon bashi,
ƙaya tuli, fure babu.
Shi ya dasa su tun ƙarfinsa na nan,
tun ana wankin kuza a ƙasan tudu.
Yanzu yanar ido ta rufe masa gari,
yatsunsa ne ke gani.

Ya bi reshe da babban yatsa yana ƙirge:
ido ɗaya, ido biyu, ido uku.
"Bisa na uku, wanda ke kallon waje.
A karkace, don ruwa ya zame, kada ya kwana."
Na ce, "Baba, ai da ransa."
Ya ce, "Yadin da kake yankawa fa,
don ka ƙi shi ne?"

Na yanke.
Kafin la'asar lambun ya koma kan yaro bayan aski.
Hansatu ta leƙo ta taga ta riƙe baki,
ba ta ce komai ba,
kuma wannan ya fi magana ciwo.

Bazarar Jos ba ta da alƙawari.
Rana ta gasa ka, dare ya sa ka nemi bargo.
Famfo ya yi kwana tara yana tari.
Na sayi jarka biyu wurin mai garuwa,
ɗaya ta gida, ɗaya ta sata,
ina zubawa a gindi da asuba, ban taɓa ganye ba,
kamar mai ba maras lafiya koko.

Ja'e ya kawo kashin shanu a buhu, wanda ya shekara.
Ɗanye, in ji Baba, ƙuna ne.
Na rufe ƙasa da ɓawon gyaɗa.
Sai toho ya fito, ja wur,
launin da ban taɓa samu a zare ba.
Darɓa ta ji labari ta sauka da danginta.
Ruwan sabulu, toka, ganyen darbejiya,
daga ƙarshe dai yatsa biyu da haƙuri.
Akuyar maƙwabci kuwa, mun yi shari'a sau uku.

Ranar Laraba hadari ya taso daga Shere.
Ina shago, allura a baki,
na ji kwano ya fara amsa duwatsu.
Ƙanƙara!
Na bar rigar ango a kan keke na ruga,
takalmi ɗaya ya tsaya a kwata.

Talatin da ɗaya na ƙirga jiya, kawunan da ba su buɗe ba.
Na tarar da su a ƙasa cikin farin tsakuwa mai narkewa.
A ƙarshen layi, Ummita,
shekararta shida,
tsugune, jiƙe sharkaf,
ta kifa kwanon wanki a kan gindi na bakwai
tana riƙe da shi da hannu biyu.

Kai ɗaya ya tsira.
Ya yi kwana biyar yana shawara,
sannan ya buɗe, ruwan ƙwai da ja a baki.

Na kai wa Baba a cikin kofin shayi.
Ya shinshina, ya daɗe.
Ya ce, "Na jikin katanga ne, mai taurin kai.
Ka cika masa ruwa."
Sannan ya laluba aljihu
ya ce in ba yarinyar almakashin.